Babi Na Huɗu: Kandaka Da 'Yan Rakiyarta

Wai wace ce ta ainihi? Tambayar da mai karatu kan yi ke nan idan ya gamu da jaruma ɗaya a hannun marubuta biyu. A littafin farko an ce ba ta da uba, a na biyu ga uban nan daram. Wani ya ba ta masoyi, wani ya kashe masoyin. Ƙawarta da aka sani da ƙiba da barkwanci, sai a wayi gari ta zama hafsar soja mai ɗaure fuska. Mai karatu ya ji kamar an yi masa wayo, ya ce to a nuna masa ta gaskiyar ya huta.

Bai kamata abin ya zame wa Bahaushe baƙo ba. Gizon da kaka ke ba da labarinsa a Katsina ba daidai yake da na Maraɗi ba, Ƙoƙi kuma wani dare ita ce mai hankalin gidan, wani dare da ita ake ƙulla tsiyar. Ba a taɓa tsayar da mai tatsuniya an ce ta kawo Gizon asali ba. Inda aka bambanta shi ne, abin da aka rubuta ko aka zana yana da kwanan wata da sunan mai shi, ana iya jera shi a ga wanda ya ƙara da wanda ya rage. Wanda duk ya yi wannan jeri zai lura da abu ɗaya: ita jarumar ba ta cika sauyawa ba, domin sunanta da shigarta su ne jarin. Waɗanda ke tsaye a gefenta su ake taɓawa, kuma a nan ake gane abin da marubucin ke nufi.

Jarumar da ta sha hannu

Mu fara da inda aka mayar da abin sana'a. A 1941, a Amurka, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna William Moulton Marston, tare da mai zane H. G. Peter, suka fito da Wonder Woman, gimbiyar wani tsibiri da mata zalla ke zaune a cikinsa. Uwarta, Sarauniya Hippolyta, da yumɓu ta ƙera ta, ba ta da uba. Marston ya kewaye ta da mata. Akwai Etta Candy, gajeruwa mai jiki mai son alewa, wadda ke jagorantar gungun 'yan mata ɗalibai su shiga faɗa tare da ita. Namijin labarin, wani hafsan soja mai suna Steve Trevor, yawanci shi ake cetowa.

Marston ya rasu a 1947, labarin ya koma hannun Robert Kanigher. Yaƙin duniya ya ƙare, ana son matan da suka yi aiki a masana'antu su koma gida. Gungun ɗaliban nan suka ja baya, Steve ya matso gaba yana ta naci a kan maganar aure, har a bangon wata fitowa ta 1949 aka zana shi ɗauke da ita yana ƙetarar da ita rafi, matar da ke iya ɗaga mota. A 1968 Dennis O'Neil da Mike Sekowsky suka raba ta da ƙarfinta baki ɗaya, suka buɗe mata shagon sayar da tufafi, suka kashe Steve, suka ba ta wani tsoho makaho ya koya mata faɗa. Mata masu fafutuka, ciki har da Gloria Steinem, suka yi ƙorafi, aka mayar mata da ƙarfinta a 1973. A 1987 George Pérez ya tsofar da Steve, ya karkata zuciyarsa ga Etta, don jarumar ta huta da zancen soyayya. A 2011 kuma Brian Azzarello ya ce zancen yumɓu ƙarya aka yi mata, ubanta Zeus ne, babban abin bautar Girkawan da.

Fitowar nan ta 1973 ta zo da wata sabuwar fuska. Kanigher ya ba jarumar tagwaniya baƙar fata, wadda ita ma aka ƙera da yumɓu, aka sace ta tun tana jaririya. Sunan da ya ba ta Nubia, sunan yankin da ya ratsa kudancin Masar da arewacin Sudan. Bayan 'yan fitowa kaɗan aka jingine ta, shekaru masu yawa sai dai a leƙo da ita a mayar. Sai a 2021, da alƙalamin ya shiga hannun baƙaƙen marubuta irin su L. L. McKinney da Stephanie Williams, ta sami littattafan kanta, har ta hau gadon sarautar tsibirin. Kusan shekara hamsin tana 'yar rakiya, jira take a sami wanda ya ga kansa a cikinta.

Khartum ta san labarin zane

Ƙasar da aka aro wa wannan suna ba baƙuwar sana'ar ba ce. Tun 1946 aka fara buga mujallar yara mai suna Al-Sibyan a Sudan, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasashen Larabawa. Ta fito ne daga aikin ilimi da ke da alaƙa da kwalejin horar da malamai ta Bakht al-Ruda, wadda malamanmu na Arewa, irin su Sheikh Abubakar Gumi, suka yi karatu a cikinta a shekarun 1950. Tauraron mujallar wani mutum ne mai yawan kwaɓa, Ammak Tango, da matarsa Al-Aza. Wanda ya fi daɗewa yana zana shi shi ne Sharhabil Ahmed, ɗan Omdurman, wanda aka fi sani da kiɗa, kuma shi ma gadonsa ya yi daga masu zanen da suka gabace shi. Daga waje kuma mujallun Masar da Lebanon suna yawo a ƙasashen Larabawa. A Beirut, daga 1964, an riƙa buga Superman da Larabci, aka raɗa masa suna Nabil Fawzi, abokiyar aikinsa ta zama Randa.

Sai dai babbar jarumar Sudan ba daga ofishin wata mujalla ta fito ba. Ta girmi mujallun da shekara dubu biyu, ta kuma fi Wonder Woman shan hannu. Ita ce Kandaka.

Labarinta a bakin abokin gaba

Kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Khartum, kusa da Shendi, akwai kufan birnin Meroe da dalolinsa, hedikwatar daular Kush. Kandaka sarauta ce ta matan gidan sarautar wannan daula, kuma wasu daga cikin masu riƙe da ita sun yi mulki da kansu, irin su Amanirenas da Amanishakheto da Amanitore. Girkawa da Romawa sun ɗauka sunan mace ɗaya ne. Tun daga nan aka fara cuɗa mata da yawa a cikin jaruma guda.

Wajen shekara ta 25 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da gwamnan Rum a Masar, Aelius Gallus, ya kwashi sojoji ya tafi yaƙi ƙasar Larabawa, rundunar Kush ta auka wa Aswan da Philae, ta kama bayi, ta tuge gumakan Kaisar Augustus. Wani kwamanda mai suna Petronius ya mayar da martani, ya kutsa kudu, ya girke sojoji a Qasr Ibrim. Kandaka ta sake tasowa da runduna. Ƙarshe dai aka tura manzanni suka sami Kaisar a tsibirin Samos, aka yi sulhu, har ya yafe harajin da aka ɗora wa Kush.

Wanda ya ba mu wannan labari shi ne Strabo, masanin ƙasa, kuma aminin Gallus ne, tare suka taɓa bin Kogin Nilu har Aswan. Ya siffanta sarauniyar da mace mai kama da namiji wadda ta rasa ido ɗaya. Sojojinta kuwa ya nuna su a matsayin tarkace marasa tsari, masu garkuwar ɗanyar fata, waɗanda suka watse da haɗuwar farko. Ga marubucin farko ke nan da 'yan rakiyar da ya zaɓar mata. Amma labarin nasa ya bar tambaya a buɗe: in haka aka murƙushe su, me ya sa Rum, wadda ba a san ta da sassauci ba, ta yafe haraji?

Ƙasa ta ba da tata amsar a 1910. Wani Bature mai haƙar kayan tarihi, John Garstang, ya tono kan gunkin Augustus na tagulla a Meroe, idanunsa na dutse da gilashi suna nan a buɗe. A ƙarƙashin matakalar shiga wani ɗakin bauta aka binne shi, yadda duk mai shiga sai ya taka kan Kaisar. Yau yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. A can ne kuma aka ajiye wani dogon allon dutse da aka samo a Hamadab, kusa da Meroe, mai ɗauke da sunan Amanirenas da na yarima Akinidad. Yawancin masana suna ganin ita ce Kandakar da Strabo ya ambata, kuma allon yana iya zama nata bayanin yaƙin. Wani masani, Francis Griffith, ya gano yadda ake furta haruffan Meroe tun wajen 1911, amma harshen kansa har yau kaɗan aka fahimta. Ana iya karanta allon da murya, a tsinci sunaye, ba a san abin da yake faɗa ba. Wannan yana taɓa ni ƙwarai. Matar ta bar nata jawabin a sassaƙe, tare da sunan wanda ita da kanta ta tsayar a gefenta, duniya kuwa ta shekara dubu biyu tana sauraron abokin gabarta.

Masu addini da masu almara

Marubutan da suka biyo baya ba su damu da yaƙin ba. A Littafi Mai Tsarki na Kirista, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 8, Kandaka ba ta ko fito ba, ma'ajinta ne ya fito, yana komawa gida daga Urushalima a cikin keken doki, ya gamu da Filibus ya karɓi addini. A nan ɗan rakiya ne jarumi, sunanta an kawo shi ne don a nuna girman muƙaminsa.

Masu almarar Iskandar Mai Girma kuma suka ɗauke ta suka mayar da ita baya da ƙarni uku, suka haɗa ta da sarkin da bai taɓa taka Meroe ba. Suka ba ta 'ya'ya maza da fada ta alfarma. Iskandar ya shigo mata a ɓoye da sunan manzo, ita kuwa tuni ta sa an zano mata kamanninsa, ta fito da zanen ta nuna masa, ta kama shi da hikima ba da takobi ba. Da labarin ya isa hannun Firdausi a Farisa, sunanta ya zama Ƙaidafa, ƙasarta ta zama Andalus. An raba ta da Nilu baki ɗaya.

Farar laffaya a kan mota

'Yan Sudan sun daɗe suna ba ƙasarsu fuskar mace. Suna tuna Mihera bint Abboud, wadda ta zuga mazan Shaigiya su tunkari rundunar Isma'il Pasha a 1820. Mawaƙi Khalil Farah, a zamanin mulkin Ingila, ya kira ƙasar da sunan mace, Azza, ya yi mata waƙar so wadda kowa ya san ta kishin ƙasa ce. Saboda haka da zanga-zangar tsadar burodi ta tashi a Atbara a Disambar 2018 ta bazu, kuma aka ga mata a sahun gaba, sunan da za a kira su yana nan a ajiye. Duk macen da ta fito titi aka ce mata Kandaka.

A watan Maris na 2019 ɗaliban Jami'ar Mata ta Ahfad da ke Omdurman suka fito cikin farar laffaya, wadda can ake kira tob. Ba haka kawai suka zaɓe ta ba. Ita ce shigar malaman makaranta da ma'aikatan jinya da na ofis, shigar iyayensu da kakanninsu da suka kafa Ƙungiyar Matan Sudan a 1952, tsarar Fatima Ahmed Ibrahim, macen farko da ta shiga majalisar ƙasar a 1965. Ranar 6 ga Afrilu jama'a suka fara zaman dirshan a gaban hedikwatar soja a Khartum. Ranar 8 ga wata, wata ɗaliba 'yar shekara 22, Alaa Salah, ta hau kan mota cikin farar laffaya da manyan 'yan kunne masu ruwan zinariya, ta ɗaga yatsa sama tana rera baiti, jama'a na amsawa. Lana Haroun ta ɗauki hoton da wayarta. Kwana uku bayan haka sojoji suka sauke Omar al-Bashir, bayan kusan shekara 30 yana mulki.

A nan tarihin Kandaka ya haɗu da sana'ar zane. Cikin 'yan kwanaki masu zane a ciki da wajen Sudan suka sake yin hoton ta hanyoyi barkatai, a bango, a intanet, a jikin riguna. Katangun filin zaman dirshan suka cika da fenti. Alaa Satir, mai zanen barkwanci, ta riƙa zana mata a jere, kafaɗa da kafaɗa. Amma sigar da ta fi yawo a duniya ita ce wadda aka share motar, aka share taron, aka bar mace ɗaya tsaye cikin haske. Duba hoton asali da kyau: ƙasansa cike yake da kawuna da hannuwa riƙe da wayoyi, da yawansu na mata ne. Abin da ta yi kira ne da amshi, ba ya yiwuwa sai da masu amsawa. Jaridun waje sun fi son mutum ɗaya da za a sa wa suna, sai suka yi abin da Kanigher ya yi wa ɗaliban Etta Candy.

Waɗanda hoton bai ɗauka ba

Daga cikin 'yan Sudan ɗin ne aka fara yin gyara, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Suka ce farar laffaya da gadon Meroe tarihin mutanen bakin Nilu ne na arewa da tsakiya, 'yan boko na Khartum da Omdurman. Ina matan Darfur da na duwatsun Nuba, waɗanda suka sha wutar gwamnatin shekaru kafin birni ya motsa? Ina matan unguwannin gefen gari, har da na Hausawa da Fulani da suka zauna a ƙasar tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, wasu tun bayan yaƙin Burmi na 1903?

Ina kuma mata masu shayi? Wanda ya san Khartum ya san su: mace a gindin bishiya da ɗan murhun gawayi, da kwalaben citta da kanumfari da na'ana'a a jere, da ƙananan kujeru kewaye da ita. Yawancinsu yaƙi ko fari ne ya koro su. Dokar kula da ɗa'a ta zamanin Bashir, wadda a ƙarƙashin irinta aka gurfanar da 'yar jarida Lubna Hussein a 2009 saboda ta sa wando, a kansu ta fi sauka, kullum ana kwashe musu kaya. Shugabarsu, Awadeya Mahmoud Koko, 'yar asalin Kordofan ta Kudu, wadda ta haɗa su cikin ƙungiyar gama kai har ta sami lambar yabo ta jarumtar mata a Amurka a 2016, tana cikin waɗanda suka jagoranci girkin da ya ciyar da masu zaman dirshan. Taron da ya kai kusan wata biyu, har cikin azumi, ba zai tsaya da baiti kaɗai ba. Tukwanenta ba su zama tambarin juyin ba.

Da asubahin 3 ga Yuni, ana jajibirin Sallah, jami'an tsaro suka tarwatsa zaman. Kwamitin likitoci ya ce an kashe fiye da mutum 100, an kuma ba da rahoton yi wa mata fyaɗe. Daga baya aka bi katangun da fenti aka shafe zane da yawa. Da aka zo rabon muƙamai, majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya mai mutum 11 ta sami mata biyu, Aisha Musa da Raja Nicola. Alaa Salah da kanta ta je gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoban 2019 ta yi kukan an mayar da mata gefe. Wannan ne ya sa ba na ɗaukar zancen 'yan rakiya a matsayin ƙaramin abu na masu sha'awar littattafan yara. Idan aka saba zana jaruma ita kaɗai, yana da sauƙi a ba ta kujera ɗaya a ce an biya mata duka.

Ba ina cewa a daina sake ba da labarin ba. Kowane zamani yana da haƙƙin ya yi, kuma masu zanen Sudan sun fi kowa cancanta. A 2019 ɗin Khalid Albaih, fitaccen mai zanen siyasa, da Larissa-Diana Fuhrmann suka tattara aikin masu fasaha 31 a littafin Sudan Retold, inda kowa ya ɗauki wani yanki na tarihin ƙasar ya sake ba da shi da zane ko hoto. Abin da nake nema ga mai zana Kandaka ta gaba shi ne ya faɗaɗa shafin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita Khartum, an wawushe gidan tarihi na ƙasa inda kayan Kush suke, masu fasaha da yawa sun yi hijira. A unguwannin Omdurman kuwa, abin da ya riƙe rayukan waɗanda suka kasa fita shi ne girkin taron dangi da suke kira takaya, manyan tukwanen wake da na adas da 'yan sa kai ke ɗorawa, mutane na layi da kwanuka.

Mu ma muna da jarumai mata da suka sha hannun marubuta. A babi na gaba za mu dawo gida mu duba biyu daga cikinsu: Sarauniya Amina ta Zazzau, daga abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a kanta zuwa fim ɗin Izu Ojukwu na 2021, da Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar, wadda ta tunkari rundunar Faransa a 1899, yadda Abdoulaye Mamani ya rubuta ta a 1980 da yadda Med Hondo ya nuna ta a majigi a 1986.